Ba Kyanwar Lami Ba Ce

Ni mai gadi ne a kasuwar Katako.
Shekara goma sha ɗaya ina ƙirga daren Jos
da tocila da kaskon garwashi.
In masu shaguna suka ja ƙofa suka tafi,
sai masu kasuwar na ainihi su fito
daga ƙarƙashin tulin madaci.
Ba sa biyan haya,
su ke ma karɓar haraji a hannun ɓeraye.

Su bakwai ne.
Akwai Toka, akwai Kunne-Ɗaya,
da wani muzuru da na raɗa wa Ciyaman
don ba ya zuwa sai an gama zuba abinci.
Sai Kuza, baƙa wuluk mai ɗan ƙyalli,
irin abin da kakana ya wanke a Bukuru
har bayansa ya tanƙware.

Cikin ruwan Agusta ta ɓace kwana uku.
Wari ne ya kai ni bayan injin yanka.
Waya ta naɗe mata ƙafar gaba,
ta nutse cikin nama,
ƙafar ta kumbura kamar dankalin Bokkos.
Na miƙa hannu, na ce mus-mus.
Ashe ba kyanwar Lami ba ce:
tana cizo, tana yaƙushi.
Da kwat ɗina na gwanjo na rufe ta,
na tura ta kwalin taliya,
babban yatsana yana ɗiga.

Tanimu mai shayi ya bar fifita wuta.
Ya ce, "Mutane na kwance ba magani,
kai mage za ka kai asibiti?"
Ban da amsa.
Har yau ma ban da ita.
Na dai tsayar da keke.

Likitar dabbobin, Dakta Kangyang,
yatsana ta fara dubawa.
Ta ce, "Baba, daga nan sai wurin allura,
cizo ba a yi masa gobe."
Sannan ta jawo kati.
Sunan mara lafiya? Kuza.
Sunan mai ita?
Na ce ba ta da mai ita.
Ta dube ni ta saman tabarau,
ta rubuta Barau.

Ta datse wayar. Yatsu biyu suka tafi da ita.
Kuɗin bargon da nake tarawa ma suka bi su.
Ta ce tunda tana barcin allura
a cire mahaifar gaba ɗaya.
Na yi shiru. Wa ya ba ni wannan iko?
Sai na tuna biyar ɗin bara,
idonsu bai ko buɗe ba
ruwa ya bi ta ƙarƙashin katako ya same su,
ni na binne su cikin garin zarto.
Na ce to.

Kwana goma tana ɗakin gadina.
Ina ɓoye ƙwaya cikin kan kifi,
ta cinye kan, ta ajiye min ƙwayar a gefe
tsaf, kamar canji.
Ran da na buɗe ƙofa
ko waiwaye ba ta yi ba.

Yanzu likita ta ara min keji mai ƙofar tarko,
ta ce duk Alhamis in kawo ɗaya.
An yi wa Toka. An yi wa Kunne-Ɗaya.
Ciyaman kuwa hawa saman kejin yake,
ya zura hannu ya zare kifin,
ya zauna yana kallona.

Tanimu bai sake tayar da maganar ba.
Amma kullum in ya kwashe teburinsa
sai in tarar da gwangwanin madara a gindin benci,
da ɗan saura a ciki,
ya murɗe bakin murfin don kada ya yanki harshe.

Wajen ƙarfe biyu, in sanyi ya sauko daga duwatsu,
nakan ji tafiyarta a kan kwanon rufi:
uku da ƙarfi, ɗaya a hankali.
Ba na haska tocila.
Sai in gyara garwashi,
in bar ƙofar a ɗan buɗe.