Baitin da Gara Ta Ci

A gafakar kakana, waƙoƙi bakwai,
ajami da tawadar da ta koma ja.
Na kwaso su daga Ngaski zuwa Yelwa,
ɗakin da tsohuwar piyano take zaune
da haƙori ɗaya da ba ya magana.

Ta farko ta zo da sauƙi,
kwalekwale mai bin ruwa.
Ta uku ce ta hana ni barci.
Ya rubuta "kuka".
Na gangaro da yatsa ƙasa,
sai Tumba ta tsaya tsakiyar rerawa:
"Malam, ka mai da hawayen tsoho itace.
In murya ta sauka, kukar miya ce."
Muka yi dariya har maigadi ya leƙo.
Na goge. Na bar sautin sama,
inda mai shi ya bar shi.

Daga ranar na daina ja da shi.
Dama na bin harshensa,
hagu na ɗauko masa nauyin Kwara da damina.

A ta bakwai gara ta riga ni.
Ta cinye baiti, ta bar "in na..."
Kwana tara ina zagaye ramin.
Tumba ta ce in cike, wa zai sani?
Ni zan sani.

Shi ya sa a nan muryarta ke ɗaukewa,
piyano ta tafi ita kaɗai
tsawon numfashi huɗu,
ta taka beben haƙorin nan,
sannan Tumba ta ja iska,
ta kama inda tsoho ya ci gaba.