Turmi Ya Zauna Inda Yake

Ranar da Asumana ya hau motar Abijan
bai bar mini gona ba, bai bar mini akuya ba,
kare ya bari, ja, mai karyayyen kunne.
Ya ce, "Inna, ga Barsu, amana."
Na ce, "Amana har da wutsiya?"
Ya yi dariya, mota ta tashi.

Damina uku ke nan.

Bara, ana gobe azumi,
na ga idonsa na hagu yana zubar ruwa,
kwantsa ta liƙe shi kamar ƙaro a jikin icce.
Na ce ƙuda ne.
Na dafa ruwa da gishiri, na yagi tsohon kallabi.
Sai baƙin idon ya soma fari,
farin nonon da aka tsinka da ruwa.
Wata safiya ya ci karo da randa,
ya ja baya, ya sunkuyar da kai
kamar mai ba randa haƙuri.

Tsahara ta leƙo ta katanga:
"Mutane na neman na hura,
ke kina jinyar kare?"
Ban tanka ba.
Sunan karen ya ishe ta amsa.

Ran Lahadi na sayar da cuku a kasuwa,
ran Litinin na ɗaura masa igiyar guga,
muka ratsa Tawa, yara na bin mu da ihu,
har ofishin likitan dabbobi
inda raƙuma ke durƙushe, shanu na jiran allura,
ni kaɗai ce da abin da ba a ci, ba a tatsa.

Likita Sahabi ya haska fitila, ya daɗe.
Ya ce, "Ruwa ne ya taru ciki ya rasa mafita.
Na hagu ya riga ya tafi.
Na dama, in kin riƙe, zai ɗan zauna."
Ya miƙo kwalba, ba ta kai ɗan yatsana ba,
jika huɗu.
Na lissafa cuku nawa ke nan
sai na daina lissafi.

Rubutun kwalbar bai karantuwa gare ni,
ko da na iya, nawa idon ma ya soma hazo.
Jikata Balki ta karanta: ɗigo ɗaya, sau uku.
Na rataya shi ga lokutan salla,
bayan sallama, ba kafin ba.
Shi ma ya gane.
Da ya ji na naɗe tabarma
sai ya zo ya aje haɓa a ƙasa,
yana rawar jiki, amma bai gudu.

Daren Juma'a Asumana kan kira,
fuskarsa cikin wayar Balki, ta rame.
"Ina Barsu?"
Sai in juya masa gefen dama.
Kare ya ji murya, ya zagaya bayan waya
yana shinshina iska,
yana neman ƙafafun da ba su nan.
Ɗana ya ce, "Lafiyarsa lau?"
Na ce, "Lau."
Na ce, "Kai fa?"
Ya ce, "Lau."
Muka bar wa juna.

Yanzu na daman ma ya soma dushewa.
Likita ya ce kar in gusar da kome a gida,
da ƙafa yake gani, ya haddace tsakar gida:
taki bakwai daga ƙofa zuwa turmi,
daga turmi a karkata zuwa inuwar dogon yaro.
To, turmi ya zauna inda yake,
randa inda take,
ko murhun da na so in mayar kudu na bar shi.

Tsahara ta ce gidana ya tsaya cik,
kamar agogon da aka manta.
Ban ce mata ba:
wanda ya daɗe a hanya
shi ma cikin dare yake isowa,
da lalube.