Nauyin Ruwa

Shekara talatin ina sauka ƙasa da igiya a ƙugu,
ni Sallau, mai haƙar rijiya a Sandamu.
Da harshe na san ruwa:
wannan zartsi, wannan garɗi, wancan ya kwana a jar ƙasa.
Ban taɓa jin yana da nauyi biyu ba
sai ran da Malama Sahura ta sauko daga mota
da akwatin sanyi da 'yan kwalabe kamar na turare,
ta ce, "Baba, haƙa nake so, amma ba rijiyar shan kowa."

A makon nan Ilu ƙanena ya wasa gatari.
Gawon da Baffa ya bari a kan iyakarmu,
shi ne, wai, ke shanye ban-ruwan albasarsa.
"Dube shi, kore shar cikin bazara.
Wa ke ba shi, in ba ni da gugana ba?"
Na rasa amsa. Itace ba ya rantsuwa.

Ta zauna a bakin rami tana yi mini bayani:
ruwa 'yan ɗaki ɗaya ne, amma wani ya ɗara wani nauyi,
ɗarawar da sikelin mai zinari ba ya gani.
Aisotof, in ji ta. Na maimaita, har ta ƙware don dariya.
Rana malalaciya ce, marar nauyin take fara kwasa,
ta bar mai nauyin a fatar ƙasa.
Na can ciki kuwa yana nan yadda damina ta ajiye shi.
Saiwa ba ta tankaɗe, ba ta zaɓe,
abin da ta sha, shi take aika wa reshe.
To, a tambayi reshe inda ya samo ruwa.

Na ɗebo mata ƙasa: taƙi ɗaya, kamu ɗaya, kamu biyu, gaba guda.
Ta karɓi cikin guga daga rijiyata.
Ta hau jakin Ilu ta yanko reshe, ban da ganye,
ta feƙe ɓawon da sauri kamar mai tsoron iska,
ta toshe, ta naɗe baki, ta rubuta lamba.
Har darbejiyar da Ilu ya dasa da hannunsa
sai da ta yanka, yana harara, yana ƙwafa.
Ta roƙe shi ya rataye gatarin kafin ta dawo.
Ya ce wata biyu. Ta yi huɗu ba ta zo ba.
Ya rataye dai. Har yau ban san dalili ba,
kunya ce ko mantuwa.

Ta dawo da takarda mai ɗige-ɗige kamar sawun kaji.
Ta ɗora yatsa: ga albasa, can sama.
Ga darbejiya, kafaɗa da kafaɗa da ita.
Ga gawo, can ƙasa shi kaɗai,
ya jingina da ɗigon rijiyata.
"Bishiya ɗaya ce, rani ɗaya," in ji ta, "kada ku yanke hukunci."
Ilu ya daɗe yana kallon darbejiyarsa.
Sai ya juyo: "Ashe kai yake yi wa sata, Yaya."
Muka yi dariyar da rabonmu da ita tun rasuwa.

Daren nan na tuna abin da ban gaya mata ba.
A gaba ta tara, shekarar da na haƙa rijiyar,
fitila na mutuwa, numfashi na ƙaranci,
na ci karo da wata saiwa, siririya kamar zaren ɗinki,
ta ratsa marmara ta riga ni sauka.
Na sa diga na datse ta, ko sannu ban ce ba.
Ɗan sana'ata ne ashe,
ba igiya, ba fitila, ba mai ja daga sama.

Yanzu in na ja guga da asuba
nakan ji nauyinsa a hannu, in tsaya jim.
Ilu ya wuce da gatari jiya.
Ban tambaye shi inda za shi ba,
ina dai sauraro daga bakin rijiya,
kunne ɗaya a gona, ɗaya a ruwa.