Robar Naira Ɗari Biyar

Hajiya Tabawa, kin ce in zo in faɗi gaskiya
kafin ku raba waƙafin da mahaifinki ya bari.
To ga ni, da baƙin mai a farce.
Kwantar da hankalinki, ba zan taɓa farar takardarku ba.

Shekara sha tara ina kwance famfo a garin nan.
Na san burtsatsen Kano kamar yadda ungozoma ta san 'ya'yan unguwa:
wanda ya rayu,
da wanda ya mutu tun ba a gama biyan mai hoto ba.

Akwai guda a Kurna. Allonsa na tsaye har gobe,
koren fenti, sunan mai kyauta da manyan baƙaƙe,
har da lambar waya.
Famfon kuwa awaki sun gaje shi,
yara na shanya wanki a hannunsa.
Me ya kashe shi?
Roba.
'Yar roba kamar awarwaron jariri,
ɗari biyar a Ƙofar Ruwa, in ka iya ciniki ma a rage maka.
Miliyan uku ta kwanta dama saboda ɗari biyar,
don a duk takardun babu layin da ya ce:
ranar da ta cinye, wa zai sayo wata?

Yanzu bi ni Ɗorayi, can ƙasan layin masu bulo.
Babu allo a nan. Akwai Gwaggo Ladiyo
bisa tabarma, da gwangwanin madara a gefen ƙafa.
Kowace jarka, naira ashirin.
Marar shi ya ɗiba, Allah ya gani.
Jikarta Uwale ke rubutawa a tsohon littafin lissafi.
Sau biyu tsohuwar nan tana tashina kafin asuba:
“Ɓaidu, famfo yana tari, zo ka ji.”
Tari ta ce!
Shekararsa sha ɗaya bai taɓa kwana da ƙishi ba.
Wanda ya haƙa shi kuɗin uku ya zo da su,
ya haƙa biyu, ya ajiye sauran don gyara,
ya biya ni na koya wa samari biyu riƙon sifana.
An ce masa marowaci a lokacin.

Na ga jerinku: rijiya goma, unguwa goma, biki goma.
Ni dai da ni ne, shida.
Ragowar ku ba abin da ba ya kyau a hoto:
ladan mai kula, man babur ɗin mai zagaye,
akwatin roba da noti a ɗakin mai unguwa.
Kuma ku tambaya tukuna.
Na taɓa kai injin haƙa wani lungu a Gwammaja,
matan suka fito suka ce ruwa ne ma ya ishe su,
kwalbati suke nema kafin damina ta ci soro.

In an gama, kar ki zo ranar yanka zare.
Bari sai shekara ta uku, wata Talata da rana tsaka,
ba rumfa, ba lasifika, ba wanda ya san ke ce.
Ki tuƙa da hannunki.
In ya kawo, ki sha.
In ya yi shiru, ki zauna ki ji dalili, kar ki yi fushi ki tafi.
Yau da gobe ce ke sa allura ginin rijiya,
ita ce kuma ke cinye ƙarfe.

Malamai sun ce sadaka mai gudana.
Karatuna bai yi nisa ba, Hajiya,
amma na san abin da ke gudana, na san abin da ya tsaya,
kuma Alhaji, inda yake kwance,
ba ya karanta allo.

Ga robar nan, na taho miki da ita a aljihu.
Ki ɗora ta kan takardun
kar fanka ta kwashe su.