Laimar Beryl

A Hull, a ɗakin shayin masu share bas,
ruwa na dukan taga tun asuba.
Beryl Oxtoby ta duba ƙusa, ba laima.
Ta ce, "An yi mini pinch."
Desmond Thwaite, bakinsa cike da biskit,
ya ce, "A'a, nick aka yi miki."

Sata ce dai, kowa ya sani,
amma mutanen nan ba sa kiran ta da sunan yanka.
Ɗaya mintsini,
ɗaya ɗan kuskuren reza a haɓa,
ciwon da ba ya kai mutum asibiti.

Beryl ta ce pinch 'yar gida ce:
hannun jika a kwanon sukari,
maƙwabciya da ta zare safa daga igiyar shanya.
Ko ta koma suna ba ta girma,
gishirin da yatsa biyu suka ɗebo, shi ke nan.

Desmond ya karkaɗe gemu.
Ya ce nick ta fi ta dangi.
Aikatau ce, kullum tana neman abin faɗa wa,
keke, agogo, laima.
Manna mata ed a ƙeya, ka juya jimlar,
sai mai aikin ya koma karɓau,
ɗan sanda riƙe da kwalarsa.
Sa mata the a goshi, ta zama gini
mai ƙofar ƙarfe da taga kamar tafin hannu.
Ita ce laifin, ita ce kamun, ita ce ɗakin.

"Pinch ma tana kamu," in ji Beryl,
"a bakin mahaifina na ji."
"Tana kamu, amma ba ta da inda za ta ajiye ka."

Shayi ya huce a kan wannan.

Ƙararrawa ta buga, bas ta Hessle ta shigo da taɓo.
Desmond ya miƙe, ya ja kwat,
sai ga mariƙi shuɗi ya leƙo ta ƙarƙashin hammata.
Beryl ta dube shi, ta dubi mariƙin.
"Wannan fa, wacce ce cikin biyun?"

Ya ce, "Aro."

Ta miƙa hannu, ba ta ce komai ba.
Ta san nahawun wannan:
aikatau ce da ba ta cika
sai abin ya dawo ƙusarsa.