Mai Niƙan Shuɗi

Shekara talatin ina niƙa wa Tebaldo launi
a wani gari bisa tudu, can ƙasar Umbriya,
inda ƙararrawa ke riga zakara tashi.

Da asuba ake yaɓe,
iya aikin yini guda, ba ƙari,
don bango in ya bushe ba ya shan launi.
"Masino," yakan ce, "farar ƙasa ba ta jiran mai gyangyaɗi."
Ta cinye masa farata, ta tsattsaga masa tafi,
ban taɓa jin kash ɗinsa ba sai ran da shuɗi ya zube.

Shuɗin nan dutse ne daga bayan teku,
zinariya ma tana gaishe shi.
Fada Anselmo da cokali yake auna mana:
mayafin Maryamu kaɗai, kada sama ta ɗanɗana.
Sama kuwa sai ta haƙura da toka.

Ba ya ƙago fuska.
Bitrus mahaucin bakin kasuwa ne, har da karyayyen hancin.
Mala'ikan hagu Orsola ce, 'yar mai wanki,
da ta ishe mu da atishawa a kan tsani.
Yahuza kuwa, na yi alkawarin kama bakina.
Mutumin dai har ya mutu bai biya mu ba.

Shekarar annoba aka rufe ƙofofin gari.
Amalanke ya zo ya ɗauki Lapo, ɗansa tilo,
ƙafafu a waje, ko takalmi babu.
Tebaldo bai yi kuka ba.
Ya ce in kwaɓa kore da fari.
Kwana tara bai sauko daga katako ba.
Je ka duba Almasihun da aka sauke daga gicciye:
ƙaramin yatsan ƙafar dama ya hau kan ɗan'uwansa.
Na san ƙafar nan.
Ni na koya mata tafiya.

Da yanar ido ta kama shi
ni na ƙarasa hannun Maryamu,
yana zaune a ƙasa yana tambaya,
"Yatsun a buɗe suke?
Kada ka dunƙule su, ba ta gama roƙo ba."

Bai rubuta sunansa ko a lungu ba.
Yanzu hayaƙin kyandir ya fara cin bangon.
Tsofaffin mata na durƙusawa, kwandon albasa a gefe,
ba mai tambayar hannun wa ne.
Ni kuma duk wankin da zan yi,
shuɗin na nan a ƙarƙashin farce.