Azara Ba Ta Ƙarya

Mun yi gardama da ƙanena Laminu
a kan soron da muka gada a Birni.
Na ce ya haura ɗari da hamsin,
ya ce ko tamanin bai gani ba.
Takarda babu. Masu sani suna kushewa.
Sai muka aika a kira Kiyari magini,
tsohon da idonsa ɗaya ya mutu
amma tafin hannunsa na gani.

Bai ja gaisuwa ba.
Ya kife turmi, ya hau, ya shafa azara.
"Giginya ce, namiji, ta sha hayaƙi.
Ku taɓa nan, tudu da kwari:
saran gizago ne, zarto bai san ta ba.
Mai saran bahago ne,
kuma daga nan zuwa can ya fara gajiya."

Ya ƙwanƙwasa ta huɗu, ya yi tsaki.
"Wannan baƙuwa ce, ga haƙoran zarto.
An sako ta bayan gara ta cinye yayarta."

A ƙyaure ya zaro ƙusa da ƙyar,
mai kusurwa huɗu, kanta a karkace.
"Maƙeri ya buge ta, ita kaɗai,
tun ƙusar kanti ba ta zo cikin kwali ba.
Kada ku yi murna tukuna.
Ƙyaure yakan yi ƙaura,
ya bar gidan da aka sassaƙa shi."

Inda yaɓe ya ɓare ya ƙirga da farce:
makuba, jar ƙasa, makuba, farar ƙasa,
sai siminti, "na ubanku, mai gaggawa."
Can ciki, tsakanin tubali biyu,
wuri guda ya faɗo masa a hannu.
"Ladan mai kwaɓa ne ya kuɓuce,
ko kuwa an binne shi da gangan. Oho."

To shekara nawa, Baba?

"Tushe ya girmi daurin guga,
daurin guga ya girmi rufi,
zanko kuwa jika ne, jiya-jiya.
Wanne daga cikinsu kuke tambaya?"

Ya karɓi goronsa, ya bi ta tsakanin duwatsu.
Laminu yana riƙe da igiyar awo
ta mai son rushe nan ya jera shaguna.
Ya daɗe yana kallon saran bahagon,
sannan ya naɗe ta a hankali,
da hannun hagu, kamar kullum.